Hitar sauna ta daina zafi da wuri: in gyara ko in sayi sabuwa?

Assalamu alaikum Malam. Ina da wurin gyaran jiki na mata a Kaduna, muna yin dilka da halawa da lalle da gyaran amare. Shekara biyu da suka wuce na ƙara ɗakin sauna, wato ɗakin zafi na fitar da gumi, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 2, na sa masa hita mai kilowat 9. Da farko minti 50 ya ishe shi ya ɗau zafi. Yanzu sai mu yi awa biyu da rabi muna jira, wani lokacin ma ba ya wuce digiri 60. Makon jiya wata amarya da ƙawayenta suka gaji suka tafi, na mayar musu da kuɗinsu. Mai gyaran wutarmu ya ce hitar ta gaji, in sayi mai kilowat 12. Ƙarshen wata zan kwashi adashi, kuɗin da na yi niyyar saro kayan turare da su. In zuba su a sabuwar hita? Abin da na canza a ɗakin kawai ƙofa ce, na cire ta katako na sa ta gilashi.

Wata Hajiya daga Kaduna

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ki taɓa kuɗin adashin nan tukuna. Rabin amsar tana cikin wasiƙarki: ke da kanki kika ce wannan hitar ta daɗe tana zafafa ɗakin cikin minti 50. Ɗakin bai ƙara girma ba. Ke nan ƙarfinta ya ishe shi tun farko, wani abu ne ya sauya daga baya, kuma shi za a nemo. Mai gyaran da ya ce ta gaji, ki tambaye shi cikin mutunci me ya auna. Hita ba jaki ba ce da za a ce ya gaji da dako. Ƙarfe ne da waya, ko dai yana jan wutar da ya kamata ko ba ya ja, kuma ana iya gani da lamba.

Mutanen Finlan, waɗanda sauna al'adarsu ce har UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya a 2020, suna da lissafi mai sauƙi: kilowat ɗaya ga kowace mita ɗaya ta cikin ɗaki, wato tsawo sau faɗi sau tsayi. In silin ɗinki ya kai mita 2.2, ɗakinki bai cika 9 ba. Ƙofar gilashi ba ta riƙe zafi kamar katako, don haka masu ƙera hitoci suna cewa a ƙara kamar 2 a lissafin saboda ita. Ya zama 11. Lissafin kimantawa ne ba ƙa'ida ba, hita mai kilowat 9 tana iya ɗaukar wannan. Ƙofar za ta iya ƙara miki 'yan mintoci, amma ba ita ta mayar da minti 50 awa biyu da rabi ba, sai fa in kafintan ya bar rata a sama ko a gefe. Ki tsaya waje lokacin da ɗakin ke aiki ki bi gefen ƙofar da bayan hannunki. In kin ji iska mai zafi na huro ki, to kuɗinki ne ke fita ta nan.

Gwajin farko ba ya bukatar ko sisi, kuma ba ya bukatar mai gyara. In mitarki ta kati ce, ki zaɓi safiyar da ɗakin ya huce sarai. Ki kashe firiji da na'urar sanyaya ɗaki da duk wani abu mai jan wuta, ki rubuta yunit ɗin da ya rage a mitar. Ki kunna hitar, ki murɗa ta zuwa ƙarshe, ki duba agogo. Bayan minti 20 cif ki koma ki sake karantawa. Hita mai kilowat 9 da ke aiki lafiya za ta sha yunit 3 a wannan lokaci. In kin ga 3 ko kusa da haka, hitar ba ta da laifi, zafin ne ke maƙalewa a cikinta ko yake tserewa daga ɗakin. In kin ga 2 ko ƙasa, to wuta ce ba ta shiga yadda ya kamata.

Zatona ya fi karkata ga na biyun. Irin wannan hitar yawanci ƙarafa uku ne masu lanƙwasa a cikinta, waɗanda masu gyara ke kira elemen, kowanne kilowat 3. In ɗaya ya ƙone sauran biyun za su ci gaba da aiki, fitila na kunne, ɗaki na ɗumama, ba wanda zai gane, amma kilowat 6 kike samu a madadin 9. Ki rage hasken ɗakin ki leƙa ta tsakanin duwatsun bayan 'yan mintoci da kunnawa. Masu rai za su yi ja kamar garwashi, mataccen zai zauna baƙi ƙirin. Sai mai gyara ya kashe wuta daga babban makunni, ya sa na'urar awonsa a bakin kowanne. Lafiyayyen elemen mai kilowat 3 zai nuna kusan om 17 zuwa 18, om shi ne ma'aunin yadda ƙarfe ke tare wuta. In duka ukun lafiyarsu ƙalau amma ɗaya ba ya yin ja, to wuta ce ba ta kai masa: ko fiyus ɗaya ya tafi, ko layi ɗaya cikin layukan wuta uku da ke shigo wa hitar ya ɗauke, ko wata waya ta saki a wurin ɗauri ta fara ƙonewa. Duk waɗannan gyara ne na yini ɗaya.

Akwai kuma ƙarfin wutar da ke shigo miki, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. An ƙera elemen ɗin ne don bolt 230. Mutum zai ɗauka in wuta ta ragu kaɗan zafi ma kaɗan zai ragu. Ba haka ba ne, faɗuwar zafin ta fi ta wutar yawa. A bolt 200 hitarki ba ta ba da fiye da kilowat 6.8. A bolt 180 ta koma 5.5, ƙasa ma da wadda elemen ɗinta ɗaya ya mutu. Shi ya sa nake so mai gyaran ya auna wutar a bakin hitar tana kunne, ba a soket ɗin falo tana kashe ba, kuma ya auna sau biyu, da hantsi da kuma bayan magariba lokacin da duk unguwa ta kunna kayanta. In da safe ɗakin na saurin zafi amma da yamma sai ya yi ta jan ƙafa, kin gano ɓarawon. Ki yi tunani ko an buɗe wani shagon walda ko injin niƙa ko sababbin gidaje a kan taransifomarku cikin shekarar nan.

In kuwa matsalar ta wuta ce, mai kilowat 12 ƙara dagula lamarin za ta yi. Za ta ja fiye da ta yanzu a kan layin da dama yana nishi, ƙila sai an sauya waya da fiyus, kuma janareton da ke ɗaukar mai 9, wanda bai kamata ya gaza kVA 12 ba don ita kaɗai, ba lallai ya ɗauki sabuwar ba. Kin sayi doki ke nan alhali ciyawa ce babu.

Yanzu duwatsun, waɗanda na tabbata tun da aka zuba su ba wanda ya sake ɗaga su. Aikinsu ba ado ba ne. Iska mai sanyi tana shiga ta ƙasan hitar, ta ratsa tsakaninsu, ta fito sama da zafi. Yau da gobe, zafi da ruwa suna farfasa su, su zube su cushe, tsakuwa da gari su toshe hanyar iskar. Sai zafin ya taru a cikin hitar, na'urar da ke kula da zafi ta ɗauka an kai, ta kashe wuta, alhali mutanen da ke kan benci ko gumi ba su fara ba. Wannan cushewar ce kuma ke kashe elemen, don haka in aka sa sabo aka mayar da tsofaffin duwatsu yadda suke, bayan 'yan watanni za ki sake rubuto mini. Masu ƙera hitocin suna cewa a kwashe su a sake jerawa aƙalla sau ɗaya a shekara ko da a gida ne, balle wurin sana'a da ake kunnawa kullum. Ki sa a kwashe su a kan buhu, a share garin da ya taru a ƙasa, a haɗa biyu-biyu a ƙwanƙwasa. Wanda ya ruguje ko ya tsage a jefar. Sauran a wanke, su bushe, a jera su sakwa-sakwa, manya a ƙasa, ba tare da an danna su tsakanin ƙarafan ba, a rufe ƙarafan kada a bar su tsirara. Abin da ya ɓace a cike shi da dutsen sauna na ainihi daga masu sayar da kayan. Kada wani ya ce zai ɗebo miki a bakin kogin Kaduna ko wurin masu fasa dutsen gini, irin waɗannan suna iya fashewa a wuta.

Bari in yi miki wata tambaya da ba ki tsammani: me yaranki ke zubawa a kan duwatsun? Na san wuraren gyaran jiki. Hannun da ya saba da humra da turaren wuta da kaskon tsuguno ba zai ga dutse mai zafi ya ƙyale shi ba. Mai da ke cikin turare yana ƙonewa ya bar dauɗa a kan dutse da ƙarfe, kuma yana iya kama wuta. Ruwa mai tsabta kawai, ludayi ɗaya a lokaci guda. In ruwan burtsatsenku irin mai barin farin alli ne a cikin butar shayi, haka yake yi wa hitar, gara a ware mata ruwan da aka tace. Haka kuma a duba ƙaramar na'urar jin zafi da ke manne a bango sama da hitar, ko mai aikin ƙofar ya matsar da ita. Abu ɗaya da ba zan yarda da shi ba ko da wasa: in wani ya ce zai haɗe wayar na'urar da ke kashe hita idan zafi ya yi yawa don ta daina katsewa, ki sallame shi. Ɗakin katako ne, kuma 'ya'yan mutane ke ciki.

Mu koma kan kuɗi. Jinkirin nan yana cin ki ta inda ba ki lissafa ba. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit. An ɗan taɓa farashin daga baya, ki duba rasit ɗinki ki sa naki, amma mu yi misali da wannan. Lafiyayyar hita a minti 50 tana shan yunit 7 da rabi, kusan naira 1,700. Mai elemen biyu a awa biyu da rabi tana shan yunit 15, naira 3,375. Ninki biyu ke nan kafin kwastoma ta farko ta shiga, kuma da yake ɗakin ba ya kai zafin da aka saita, hitar ba ta samun hutun da take yi in ta kai. A kwana 26 na aiki bambancin ya haura naira 43,000. In da dizal kike yi, ya fi haka nesa ba kusa ba. Amaryar da ta tafi kuwa, ba kuɗin ranar kaɗai ta tafi da shi ba, ƙawayen nan kowacce amaryar gobe ce.

Ko bayan an gyara, ina ba ki shawara ki daina kunna sauna don mutum ɗaya da ya faɗo ba sanarwa. Tsadar tana wurin tayar da zafin, riƙe shi bai kai haka ba. Ki ware ranaku da sa'o'i, a yi rajista tun jiya da kafin alƙalami, ki jera mutane a bayan juna, ki kunna awa guda kafin ta farko. In awon ya nuna wutarku ta fi ƙarfi da hantsi, ki mayar da lokacin sauna can, ki bar lalle da dilka da yamma tunda su ba ruwansu da mita. Ki buɗe wa ɗakin shafinsa daban a littafinki: yunit nawa ya sha, mutum nawa suka shiga, nawa suka biya. Wata biyu za su nuna miki ko yana ciyar da kansa ko kuwa ribar halawa ce ke ɗauke da shi.

Sabuwar hita tana da lokacinta. In an buɗe an tarar jikinta ya ci tsatsa har ya huje, ko an nemi elemen irin nata an rasa, ko kuɗin gyaran ya haura rabin kuɗin sabuwa, to ki saya, amma mai kilowat 9 dai, kuma daga wanda zai nuna miki kayan gyaranta a shagonsa kafin ki biya. In elemen ne kawai, ki sayi biyu ki ajiye ɗaya, don kada ya mutu miki ana tsakiyar bukukuwan bayan Sallah. Shi kuma mai gyaran ki biya shi kuɗin awo daban, ko ya sami abin canzawa ko bai samu ba, don kada ya zama sai ya sayar miki da wani abu zai ci abinci.

Ki saro turarenki ƙarshen wata kamar yadda kika tsara. Gobe da safe ki yi gwajin mitar, ki turo mini lambobi uku: yunit nawa ta sha a minti 20, bolt nawa aka samu da hantsi, nawa aka samu bayan magariba.