Amsa kan yadda za a jawo hankalin mutanenmu ga yaran riƙo a Amurka

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za a wayar da kan mutanenmu na nan Amurka su riƙa ɗaukar yaran da ke hannun hukuma. Ni da maigidana mun daɗe muna riƙon irinsu, ga abin da na gani.

Da farko, a daina kiransu marayu a wajen taro. Akasarinsu iyayensu na raye, hukuma ce ta karɓe su saboda sakaci, duka ko shaye-shaye, daga baya kotu ta yanke haƙƙin iyayen wasunsu. Kuma yawanci ba jarirai ba ne. Kowa ya zo mana jinjiri yake nema, alhali masu jira sun yi wayo, wasu wa da ƙanwa ne da ba a son rabawa. Duk shekara dubbansu ke girma su fita daga hannun hukuma ba gidan komawa.

Abu biyu ke tsayar da mutanenmu. Na kuɗi mai sauƙi ne: dubban dalolin da ake ji na ƙungiyoyin riƙo masu zaman kansu ne. Ta hannun jiha kusan kyauta ne, kuma yawancin yaran suna da tallafin wata-wata da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati.

Na addini shi ne mai wuya, don ba wanda ke faɗa sai an watse: wasu na ganin addini ya hana irin wannan riƙo. Aya ta 5 a Suratul Ahzab cewa ta yi a kira yara da sunan ubanninsu, ba ta hana riƙo ba. Za ki iya barin yaro da sunansa, ki faɗa masa asalinsa. Sai dai a faɗi gaskiya, sabuwar takardar haihuwa kan fito da sunan masu riƙo, shi ya sa wasu ke zaɓar waliccin kotu a maimako. Gado kuwa ana yin wasiyya, ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku. Maganar muharramci idan yaro ya balaga, wannan sai malami.

Saboda haka ki zaunar da liman da ma'aikaciyar walwalar yara a teburi ɗaya, da wata da ta taɓa riƙo, wadda za ta faɗi daɗin da wuyar, har da daren da yaro ya ƙi barci don tsoro. Takardun talla ba sa wannan aikin.

Ki sa taron a Nuwamba, watan da aka ware wa wannan lamari tun 1995. Kuma ki tafi da ranar da ofishin gundumarku zai yi zaman bayani na gaba, don binciken gida da horo kan ɗauki watanni.