Tambaya da Amsa: Ƙungiyarmu ta tseren babur na neman mutuwa a hannuna

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel jihar Jigawa, dan Allah a sakaya sunana. Muna da wata ƴar ƙungiya ta masu son wasan babur mun kai shekara 14 muna yi, duk bayan girbi in an kwashe kara sai mu share wani fili a bayan gari mu yi tsere ranar Juma'a bayan la'asar, har daga ƙauyukan maƙota ake zuwa kallo. Da mun fi mutum 30 amma yanzu in na kira mitin da ƙyar 8 ke zuwa. Mai ya yi tsada, taya da sarƙa sun yi tsada, wanda ya fi kowa iya hawa a cikinmu ya saida Boxer ɗinsa ya sayi taki, mu kuma da muka kafa abun duk mun haura 45, ni kaina in na yi zagaye uku sai bayana ya kwana biyu yana ciwo. Samari ba sa shigowa, sun fi son ɗaga ƙafar gaba a wajen ɗaurin aure. Uwargida ma cewa take girma ya zo in haƙura. Mu rufe ne kawai ko da wata dabara?

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙin bayan. Kar ku rufe tukuna.

Maganar mai gaskiya ce ba ƙorafi ba ne, kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin ƴan kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta tsallake dubu. To amma da na karanta wasiƙarka sau biyu sai na ga ba man ne kaɗai ya cinye ku ba, gudu ne. Kun ɗaure duk ƙungiyar a kan wa ya riga wa, shi kuma gudu shi ke shan mai shi ke cin taya da kuloci, shi ke ƙona ringi in an murɗe totur a cikin rairayi injin na shaƙar ƙura, kuma shi ke karya ƙashin dattijo. Ga shi babur ɗin da ake tseren da shi, shi ne dai ke kai buhun riɗi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Wanda ya saida nasa ya sayi taki wallahi ban ga laifinsa ba, mai hankali ne.

Saboda haka in kiɗa ya canza sai rawa ta canza. Akwai wani wasan babur da ake yi a Ingila da Sifaniya wanda babu ruwansa da gudu kwata-kwata, ana shirya hanya mai duwatsu da gungume da gangara, mahayi ya bi ta a hankali, duk lokacin da ya sa ƙafa a ƙasa a rubuta masa maki, wanda makinsa ya fi ƙanƙanta shi ya ci. Me zai hana ku? Ku samo tsofaffin tayoyi wajen mai faci ku jera su, ku haƙa ɗan rami, ku shimfiɗa katako mai faɗin tafin hannu biyu a ce a bi ta kai, ku zana da'ira da toka a ce a juya a ciki ba tare da an taka layi ba. Sannan ku ƙara da tseren nawa, wato wanda ya zo ƙarshe ba tare da ya sauke ƙafa ba shi ne gwani. Na taɓa tsayawa na ga ana irin wannan, wani dattijo da hularsa zanna yana tafe kamar hawainiya, yatsu biyu a kan kuloci ƙafa a kan birkin baya, babur na rawa amma ya ƙi faɗuwa, samari duk sun dire ƙafa tun a tsakiya jama'a na ta shewa. Man da mutum ɗaya zai ƙone a tsere ya ishi mutum da yawa a wannan wasan, kuma mai shekara 50 zai iya kada ɗan shekara 20 ya koma gida bayansa lafiya lau.

Tseren gudun ba sai an kashe shi ba, a bar shi sau ɗaya ko biyu a shekara, da bikin sallah misali.

Sai maganar babur ɗin kansa, nan ne nake ganin za ku dawo da mutanenku. Muddin sai mai babur ne ɗan ƙungiya to kullum raguwa za ku yi. Ku sayi tsohon babur ɗaya ko biyu na ƙungiya, Jincheng ko Boxer da ya sha jiki, kar ku ce a kawo kuɗi duk wata don ba za a kawo ba, ku bari sai kaka kowa ya auno tiya biyu ko uku na gero ko riɗi ko zoɓo a haɗa a sayar. Kowa a kan wannan babur ɗin zai gwada gwanintarsa, kaga ɗan mai kuɗi ba zai zo da sabo dal ya cinye ku da aljihu ba, kuma shi wancan gwanin naku da ya sayi taki gobe zai dawo. Ku jawo bakaniken garinku ku ba shi muƙami, ranar gyara a tara yara su ga yadda ake wanke kafireto da canza filogi da baƙin mai, wannan kaɗai zai sa wani uban ya bar ɗansa ya zo don ya san sana'a yake koya.

Shekaru kuwa, Carlos Sainz ɗan Sifaniya yana da shekara 61 ya ci babban tseren sahara da ake kira Dakar na 2024 a Saudiyya, a rukunin motoci, kodayake kar ka ce zan haɗa ka da shi, shi kamfanin Audi ne a bayansa da likitoci, kai kuwa man zafi ne. Abin nufi dai kar dattawanku su ɗauka in sun sauka daga babur sun fita daga wasa. Ko a Turai yawancin masu riƙe tuta a gefen hanyar tsere ƴan sa kai ne. Kuna buƙatar alƙali da mai riƙe agogo da mai korar yara daga layi, da wanda zai je gaban dagaci ya nemi izinin fili a saurare shi, kuma wannan aikin ɗan shekara 19 ba zai iya ba.

Amma bari in tambaye ka wani abu kar ka ji haushi, a shekara 14 ɗin nan sau nawa aka canza shugaba? In har kai ne tun farko to ga amsar maganar samari nan. Yaro ba zai shigo inda aikinsa kawai share fili da ɗauko ruwa ba alhali a wajen biki shi ake yi wa tafi. Ku ba su sakatare da ma'aji na biyu, su buɗe guruf a WhatsApp su riƙa ɗaukar bidiyo suna sawa a TikTok tunda nan suke kwana, ku ware musu rukuninsu da ƴar kyauta ko da sabon filogi ne da litar mai. Sharaɗi biyu ne kawai ba sassauci, yardar iyaye da hular kwano. Ba irin ta 2009 ba da jami'an kiyaye haɗura suka matsa wasu ƴan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka, ta gaske mai maɗauri, ƙungiya ta sayi guda biyu a riƙa karɓa-karɓa. Duk wanda aka kama yana ɗaga ƙafa a kan titi ko cikin ƴan biki a dakatar da shi wata guda.

Ita kuma uwargida ka gaya mata ka koma riƙe agogo da usur, ranar wasan farko in an tashi ka wuce wajen mai tsire ka kai mata nata da zafinsa.