Amsa ga mai tambayar karen Spaniel a Damagaram

Ɗan'uwa, ka tambaya ko karen Spaniel da abokinka zai ba ka zai iya gadin gida a nan Damagaram. Gaskiya kada ka sa rai. Asalinsa karen farauta ne da Turawan Ingila suka raina don ya tayar da tsuntsaye daga cikin ciyawa, kuma yana da son mutane ƙwarai. Baƙo zai shigo, ya yi haushi kaɗan, ya koma kaɗa masa jela.

Na riƙe irin Spaniel da ake kira Cocker shekara 4, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne kunnuwa. Dogaye ne, sun rufe ramin, iska ba ta shiga, sai ciwo ya kama. Duk mako ka ɗaga su ka duba. In ka ji wari ko ka ga yana yawan kaɗa kai, ka kai shi wurin likitan dabbobi. Sai ƙarangiya. Da kaka, fita ɗaya bayan gari, zan zauna da mataji ina cire ta daga kunnensa da tsakanin yatsunsa, ga kaska ta laɓe a ƙarƙashin gashi.

Zafinmu na Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, wanda ke iya kashe shi. Ka rage masa gashi, ka ba shi inuwa da ruwan randa, yawo kuma sai da asuba ko bayan magariba. Allurar rigakafin haukar kare dole ce, musamman gidan da ke da yara. Kada a ba shi albasa ko ƙashin kaza dafaffe.

Yakan yi shekara 12 zuwa 14, don haka ka fara shawara da iyali.