Zazzaɓi ya kai digiri 40, ya akayi furotin ɗin jiki basa lalacewa?

Tambaya: Salam Dakta, a makaranta an koya mana wai zafi yana lalata furotin. To abinda ya ɗaure min kai shine mutum sai yayi zazzaɓi jikinsa ya kai digiri 40 kuma ya warke sumul, ya akayi nashi furotin ɗin basu lalace ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai suna lalacewa, wasu daga ciki dai, kawai ƙwayoyin halittar jiki ne basa zama su zuba ido.

Kaga shi furotin zare ne dogo da aka jera da wasu ƙananan sinadarai da ake ce musu amino asid, su ɗin iri 20 ne gaba ɗaya, kuma baya aiki sai ya naɗe ya ɗau wata siffa tashi takamaimai. In zafi yayi yawa sai naɗin ya fara warwarewa, sassan da basa shiri da ruwa waɗanda da suna ɓoye a ciki sai su fito fili, wannan ya manne da wancan wancan ya manne da wani har su cure wuri guda, to wannan curin shine ainihin matsalar.

Da ƙwayar taji haka sai ta rage ƙera sababbin furotin na yau da kullum ta koma ƙera masu gyara, ana ce musu shaperon, fitacce a ciki shine HSP70. Aikinshi ya kama wanda ya warware ya riƙe shi kar ya manne da wani, sannan ya sake shi ya ƙara gwada naɗewa, in bai yi ba a sake kamawa. Wani masani ɗan Italiya Ferruccio Ritossa ne ya fara lura da wannan martanin a 1962 a jikin ƙananan ƙudaje, bayan an ƙara zafin na'urar da yake ajiye su ba da saninsa ba.

Wanda yaƙi gyaruwa kuma sai a liƙa masa wata 'yar alama sunanta yubikwitin, a kai shi furotiyasom, wata na'ura mai kamar ganga, ta daddatsa shi a sake amfani da amino asid ɗin. In curin yayi girma bazai shiga gangar ba sai ƙwayar ta lulluɓe shi ta narkar, shine otofaji, wanda Yoshinori Ohsumi na Japan yaci kyautar Nobel akansa a 2016. In ɓarnar tafi ƙarfin duk wannan, ƙwayar kashe kanta take yi cikin tsari.

Amma fa abin nada iyaka, in zafin jiki ya haura 40 mutum ya fara ruɗewa ko suma, asibiti za'a nufa da gaggawa. Ni abinda yafi damuna ma ba zazzaɓi bane, tsufa ne, domin masu gyaran nan ƙarfinsu raguwa yake da shekaru, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa yawanci ba'a sauya su, sai curin yayi ta taruwa kamar yadda ake gani a cutar Alzheimer da Parkinson.