Amsoshin tambayoyinku: takardar tiyatar rage ƙiba da magungunan da ke biyo bayanta

Tambaya: An yi wa maigidana tiyatar rage ƙiba, wadda likitoci ke kira "gastric bypass". A takardar bayanin aikin na ga "leak test negative" da "mesenteric defects closed" da "EBL 50 ml". Kwana biyu ban runtsa ba. Kuskure aka yi ake ɓoye mana? Ina tunanin biyan wani likitan ya duba mana takardar.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ki kuma ajiye kuɗinki. Layukan nan uku duk albishir ne. A wannan aiki ana yanke saman tumbi a mayar da shi 'yar jaka mai ɗaukar kamar mililita 30, wato cokali biyu manya, sannan a jawo ƙaramin hanji a ɗinke shi da jakar. Duk inda aka haɗa hanya biyu aka ɗinke, sunansa "anastomosis", kuma biyu za ki gani: "gastrojejunostomy" tsakanin jakar da hanji, da "jejunojejunostomy" inda hanji ya sadu da hanji. Kafin a gama, likita kan zuba ruwa mai launin shuɗi ko ya hura iska don ya ga ko ɗinkin na yoyo. "Negative" na nufin an nemi yoyon ba a samu ba. Su kuwa "defects" ba aibi ba ne, giɓi ne da aikin kansa ke bari a tantanin da ke riƙe hanji, aka rufe shi don kada wata rana hanji ya kutsa ciki ya shaƙe. "EBL" ƙiyasin jinin da ya zuba ne, kuma mililita 50 kaɗan ne ƙwarai.

Sai dai gwajin ɗakin tiyata na ranar ne kawai. Idan a makonnin farko kika ga zazzaɓi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko numfashi sama-sama, ko ciwon ciki mai ƙaruwa, ku koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Allah Ya ba shi lafiya.

Tambaya: Takardata ta ce "Roux-en-Y". Wace irin na'ura ce aka saka mini, kuma akwai wadda ta fi ta tsada da na ce a saka?

Amsa: Malam, ba kayan gyaran mota ba ne, sunan aikin ne, ba na'ura ba. César Roux, wanda aikin ke ɗauke da sunansa, likitan tiyata ne ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1934, Y kuma siffar da hanjinka ya koma ce bayan ɗinki. Reshe ɗaya na ɗauko abinci, tsawonsa yawanci santimita 75 zuwa 150, ɗayan na kawo ruwan narkar da shi. Da wannan tambayar ka yi kafin ka sa hannu, da ta fi amfani.

Tambaya: Likita ya rubuta mini kalsiyam sitiret, amma na ga kalsiyam kabonet ya fi araha. Wata mai talla a intanet kuma tana sayar da ƙwaya ɗaya da ta ce ta maye gurbin duk bitamin ɗina. Wanne zan saya?

Amsa: Hajiya, nan ne raina ke ɓaci. Mutum ya kashe dukiya a kan tiyata, ya jure yanka da ɗinki, sai ya zo kan ƙwayar da za ta riƙe ƙashinsa ya tsaya ciniki!

Koma kan takardarki ki nemo kalmar "duodenum". Shi ne farkon ƙaramin hanji, inda jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, kuma yanzu abinci ba ya bi ta nan, an kewaye shi. Kabonet na buƙatar ruwan tsamin tumbi kafin ya narke, 'yar jakarki kuwa ba ta samar da shi sosai. Sitiret bai damu da wannan ba. Araha a nan ba ta da ma'ana idan abin da kika haɗiya wucewa kawai zai yi. Bitamin B12 ma haka, tumbi ne ke taimakawa a tsotse shi, shi ya sa wasu ke komawa allura. Kuma wannan shan magani na har abada ne, ba na wata shida ba.

Ita kuwa mai ƙwaya ɗaya tilo, ko dai ba ta san aikin ba, ko ta san ke ba ki sani ba. Kalsiyam na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe, shi ya sa ake raba su da kamar awa biyu. To yaya za a cusa su a ƙwaya guda a ce an gama? Abin da ya sa jabun bitamin ya fi sauran jabu mugunta shi ne ba ya nuna kansa. Jabun maganin ciwon kai yau za ki gane shi. Wannan kuwa sai bayan watanni ko shekaru, lokacin da jini ya yi ƙasa, gashi ya fara zuba, ƙafa ta fara yin kamar ana tsira mata allura, mai tallar kuma ta daɗe da sauya suna. Saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar rajistar maganin da ranar lalacewarsa, ki kuma riƙa yin gwajin jinin da aka tsara miki.

Tunda muna kantin maganin, ki guji ibufurofen da dikulofenak da danginsu, domin suna iya haƙa gyambo daidai bakin ɗinkin. Ƙwayoyin da aka yi su don narkewa a hankali ma ba lallai su yi miki aiki yadda ya kamata ba. Gaya wa kowane likita da kowane mai ba da magani cewa an yi miki wannan aikin.

Tambaya: In sayi manhajar fassara a waya don ta karanta mini takardar?

Amsa: A'a. Manhaja za ta fassara maka kalma, amma ba ta shiga ɗakin tiyatar ba. Ja layi ƙarƙashin abin da ba ka gane ba, ka tafi da shi ranar ganin likitanka. Ka kuma ɗauki hoton takardar ka ajiye a waya, saboda likitan gaggawa da bai san ka ba zai so sanin yadda aka jera hanjinka kafin ya taɓa ka.