Kwana huɗun nan, ka ba Urfa biyu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ka Istanbul saro kaya, kana da rarar kwana huɗu, kana son sanin wuraren tarihin da suka cancanci a gani. Na yi shekaru ina karatu a Turkiyya, kuma kusan duk hutu sai na kama hanyar wani kufai.

Aya Sofiya ba ta da nisa da Laleli, inda 'yan kasuwarmu suka fi sauka. An kammala ta a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453 da Sarki Muhammadu Alfatih ya ci birnin, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, aka dawo da salla a 2020. Safiya ɗaya ta ishe ka.

Amma in shawarata za ka bi, ka hau jirgi zuwa Shanli Urfa a kudu maso gabashin ƙasar, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Bayan gari kaɗan akwai wani tudu da ake kira Gobekli Tepe. Wallahi ban taɓa tsayawa a wurin da ya ɗaure min kai irinsa ba. Ginshiƙai ne na dutse masu faffaɗan kai, an jera su a kewaye, biyu manya a tsakiya, tsayinsu ya haura mita 5. An kafa su wajen shekara 9,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato sun girmi dalar Masar da kusan shekara 7,000. Waɗanda suka yi aikin ba su san ƙarfe ba, ba su san rubutu ba, ko tukunyar ƙasa ba su fara ginawa ba. Da dutse suka sassaƙa dutse.

Wani Bajamushe, Klaus Schmidt, shi ya fara tono a 1995, UNESCO kuma ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2018. Yanzu an yi masa rumfa, ana zagayawa ta kan gadar katako ana leƙawa ƙasa. Kada ka yi sauri. Na daɗe ina kallon ginshiƙi ɗaya: ga hannu an fitar a gefensa, yatsu sun haɗu a wajen cibiya, ga ɗamara a ƙugu. A nan na gane siffar mutum ce. A jikin wasu kuwa ga kunama, ga ungulu, ga macizai, ga aladen daji da haƙoransa a waje.

A cikin garin akwai tafkin Balikligol. Mutanen Urfa sun gaji labarin cewa nan ne Namarudu ya jefa Annabi Ibrahim (AS) a wuta, wutar ta zama ruwa, itacen ya zama kifi. Malamai da yawa a Iraƙi suke sa wannan ƙissa, don haka ka ɗauke shi a matsayin abin da mutanen gari ke faɗa. Duk da haka wurin yana sanyaya rai. Kifayen sun yi ƙiba, ba mai kama su, yara na watsa musu abinci, suna turereniya har bayansu na fitowa saman ruwa.

Kada sunan Dutsen Nemrut da ke lardin Adiyaman ya ruɗe ka, ka zaci aikin Namarudu ne. Manyan kawunan gumakan da ke can aikin wani sarki ne, Antiyokus na masarautar Komajin, a ƙarni na 1 kafin Annabi Isa.

Afisa, tsohon birnin da ke yammacin ƙasar, tana da kyau ƙwarai, sai dai tafiya ce ta daban, kwanakinka ba za su ɗauki duka ba.

Ka fara da gidan tarihi na Urfa kafin ka je tudun, domin a can an kwaikwayi kewaye guda da girmansa, za ka tsaya a gindin ginshiƙin ka ɗaga kai. In da hali ka je a Afrilu ko Oktoba, don a Yuli zafi na wuce digiri 40. Ka riƙe ruwa, ka fita da sassafe. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a sayar da riba.