Darduma da lafiyar iyali: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 6 yana da asma. Na lura duk ranar da ya wuni a kwance kan dardumar falo, da daddare sai tari da numfashi mai fito su tashi. Kullum sai na share ta da tsintsiya. Me ya rage ban yi ba? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Tsintsiyar nan ita zan fara cewa ki rage. Tana kwashe dattin da ido ke gani, amma ƙurar da ke can gindin zare sai dai ta tayar da ita sama, yaro ya shaƙa, sauran ta koma inda ta fito.

A cikin ƙurar akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, tsawon ɗaya bai kai rabin milimita ba. Ba sa cizo, ba kuma alamar ƙazanta ba ne, domin da wuya a samu gidan da babu su. Abincinsu ɓarɓashin fatar da ke zuba daga jikinmu kullum. Kashinsu da gawarwakinsu su ne ke kumbura hanyoyin numfashin mai asma, su kuma jawo wa wasu atishawa da ƙaiƙayin ido. Wani abu game da su: ba sa shan ruwa, daga iska suke tsotsar danshi. Idan danshin ɗaki ya sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100 sai su fara ƙarewa. Shi ya sa ɗakin da ke rufe kullum, ga darduma mai kauri, ya fi kowane wuri yi musu daɗi.

Ki riƙa bin dardumar da injin zuƙar ƙura sau ɗaya ko biyu a mako, a hankali, ki bi wuri ɗaya gaba da baya, sannan ki ɗaga ta ki share ƙarƙashi. Idan da hali a samu inji mai matatar HEPA, wato matatar da ke riƙe ƙura mai laushi sosai, domin mai matata mara kyau ta baya yake feso ƙurar. Yaron ya fita kafin a fara, kada ya dawo sai bayan kamar awa biyu. Ƙaramar darduma ta auduga da ke shiga injin wanki a wanke ta da ruwa mai zafin digiri 60, wannan zafin yana kashe su. Ta ulu ba ta jure haka, za ta tsuke ta lalace. Ita a shanya ta a rana mai ƙarfi na wasu awanni, a juya bayanta, sannan a kakkaɓe ta a waje da takunkumi a fuska, saboda ko ƙwarin sun mutu abin da suka bari yana nan.

A ganina, ɗakin da yake kwana ma a cire darduma gaba ɗaya. Ki kuma duba katifa da filo, galibi can ne babban gidansu. Duk wannan ragi ne kawai, ba ya maye gurbin maganin shaƙa da aka rubuta masa. Idan kika ga ya kasa ƙarasa magana saboda numfashi, ko tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, asibiti nan take.

Tambaya: Likita, 'yata ta yi fitsari a kan kafet, na zuba bilic don in kashe zarnin. Nan da nan idona ya kama yaji, na yi ta tari. Shin bilic ɗin ne ya lalace?

Amsa: Bilic ɗin lafiyarsa ƙalau, haɗin ne bai yi ba. Fitsari idan ya jima yana fitar da amoniya, ita ce zarnin da kike ji. Bilic da amoniya idan suka haɗu suna ba da iskar kuloramin mai ƙona ido da maƙogwaro. Haɗa bilic da ruwan khal ko maganin wanke masai mai asid ya ma fi muni, domin iskar kulorin ke tashi. Bilic da ruwa kawai ake haɗawa. Wanda ya shaƙa ya fita inda iska take, a buɗe tagogi, a wanke ido da ruwa mai yawa. Idan tari ko nauyin ƙirji bai lafa ba, ko mutum mai asma ne, a je asibiti.

Gyaran kuwa ba ya buƙatar bilic, wanda dama yana cinye ulu ya kuma kashe launi. Ki ɗora farin tsumma mai kauri a wurin, ki taka shi da ƙafa ya tsotse, ki sauya wani har ya daina jiƙewa. Kada ki goga, gugar tana tura fitsarin ciki ne. Sai ki zuba ruwan sanyi kaɗan da ɗigon sabulun ruwa, ki sake tsotsewa daga gefen tabon zuwa tsakiya, ki ɗauraye har santsin sabulun ya fita, domin sabulun da ya rage shi ke kama sabon datti. Ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi yana rage zarni, amma ki fara gwadawa a wata kusurwa ko launin zai zuba. Daga ƙarshe ki sa wani abu ki ɗage wurin daga ƙasa, ki kunna fanka. Idan amai ne ko gudawa, ki sa safar hannu, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama, kuma kada mai rarrafe ya hau har sai ta bushe.

Tambaya: Famfo ya fashe mana, ruwa ya jiƙa babbar dardumarmu. Samanta ya bushe amma har yanzu ɗakin yana wani irin wari, ni da maiɗakina kuma mura ta ƙi barinmu. Na yi ta fesa turare a banza.

Amsa: Malam, ɗaga ta ka shafa bayanta, ina kyautata zaton za ka ji sanyi, wataƙila ka ga ɗigo-ɗigon baƙi ko kore. Fumfuna ce. Tana iya fara tsiro cikin awa 24 zuwa 48 a kan abin da ya jiƙe, kuma ƙwayoyinta da ke tashi a iska suna kawo toshewar hanci, tari da jan ido. Turaren ba abin da zai yi sai ƙara wa hanci aiki. A fitar da ita waje, a wanke, a rataye ta yadda iska za ta ratsa ta gaba da baya, a busar da daɓen ɗakin shi ma. Idan fumfunar ta ci bayanta sosai, ko warin ya dawo bayan wanki, a haƙura da ita. Wadda ruwan masai ko na kwata ya jiƙa kuwa, ni ba na ba da shawarar a mayar da ita ɗaki. Idan murar ta wuce makonni bayan an cire ta, ku je a duba ku.

Tambaya: Zan naɗe dardumata ta ulu in ajiye, an ce in zuba kafur don asu. Ina da jariri ɗan wata biyu.

Amsa: Kada ki sa. Yawancin ƙwallayen kafur na sinadarin naftalin ne, kuma ko shaƙarsa ko taɓa fata yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare waɗannan ƙwayoyin jinin, abin da iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da shi ba. Alamarsa shawara: ido da jiki su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, yaro ya yi laushi. Ga haɗarin yara su ɗauka su haɗiye. Asu ya fi son ulun da ke da datti da gumi, a wuri mai duhu. Ki tsaftace ta, ta bushe ƙarau, ki naɗe a cikin zanen auduga, ki ɗora a wuri mai tsayi mara danshi, ki riƙa warware ta bayan 'yan watanni tana shan iska.

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara 70, sau biyu tana tuntuɓe da ƙaramar dardumar bakin gadonta.

Amsa: A ɗauke dardumar yau, kada a jira na uku. Karayar ƙugu a wannan shekarun kan kwantar da mutum watanni, wani ba ya komawa tafiya kamar da. Sauran dardumomin cikin gidan a sa musu shimfiɗar roba mai hana zamewa a ƙarƙashi, a manne kusurwoyin da suka tashi, a kuma bar fitila a hanyar banɗaki da dare. Tuntuɓe sau biyu dalili ne na a kai Mama a duba idonta da hawan jininta, a kuma tafi da duk magungunan da take sha likita ya gani, domin wasunsu suna sa jiri.